Muhawara: Shakespeare gwani ne, ko Turawan mulki ne suka ɗora mana shi?

Ɗan Kantin Kwari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare na tarar da 'yata tana fama da wani littafi, ta ce wasan Othello ne na William Shakespeare, malaminsu ya ba su. Na karɓa na duba. Ni da nake ciniki da Turanci kullum, ban gane layi biyar a jere ba. Mutumin nan fa ya mutu tun 1616, shekara 400 da 'yan kai. Me ya sa har yau 'ya'yanmu ke wahala a kansa? Gwani ne da gaske, ko don Ingila ta mulke mu ne aka ɗora mana shi?

Marubucin Fim: Wa alaikumus salam Alhaji. Na biyun ne, ba wata-wata. A 1835 wani Bature, Macaulay, ya rubuta wa gwamnatinsu ta Indiya cewa kanta guda na littattafan Turai ta fi duk abin da aka rubuta a Indiya da ƙasar Larabawa daraja. Da wannan tunanin aka gina makarantun boko a duk inda tutar Ingila ta sauka. Da Jamus ce ta mulke mu, da yanzu wani sunan daban muke haddacewa.

Ɗan Damagaram: Akwai gaskiya a maganarka. Mu nan Nijar ba Shakespeare aka ba mu ba, Molière aka ba mu, saboda Faransa ce ta zo mana. Amma ga abin da ya tsaya mini a rai: su kansu Faransawa da Jamusawa da Rashawa, waɗanda Ingila ba ta taɓa mulka ba, suna fassara shi suna wasa shi. Su wa ya ɗora musu?

Malamin Adabi: Madalla da wannan tambaya, Malam. Alhaji, shekara da shekaru ina koyar da mutumin nan a aji, kuma na lura kuskurenmu na farko shi ne muna gabatar da shi kamar wani shehin malami da ya zauna cikin ɗakin karatu yana rubuta hikima. Ba haka yake ba. Mai sana'a ne irinka.

An yi masa baftisma ran 26 ga Afrilu 1564 a wani ƙaramin gari mai suna Stratford. Ubansa, John, baduku ne mai ɗinka safar hannu ta fata, yana kuma taɓa cinikin ulu. Ya yi arziki har ya zama shugaban majalisar garin a 1568, daga baya karaya ta same shi, bashi ya yi masa yawa har ya daina zuwa majalisa. Yaron bai je jami'a ba. Yana ɗan shekara 18 ya auri Anne Hathaway, ita tana da 26, a ƙarshen 1582. Wata shida bayan nan aka haifi Susanna, sai tagwaye Hamnet da Judith a 1585. Kafin ya cika 21 yana da mata da 'ya'ya uku, ga uba a karye. Wannan ne mutumin da ya tafi Landan neman abin rufin asiri.

A 1592 sunansa ya fito fili, kuma da zagi ya fito. Wani marubuci ɗan jami'a, Robert Greene, ya kira shi hankaka ɗan bana-bakwai da ya yi ado da gashin wasu. Wato haushinsa shi ne ɗan wasa marar digiri ya shigo musu gona.

Marubucin Fim: Ai Greene bai yi ƙarya ba, Malam. Hankaka mai da ɗan wani naka! Wane labari ne nasa na kansa? Labaran sarakunan Ingila daga littafin tarihi na Holinshed ya kwaso. Julius Caesar da Antony and Cleopatra daga Plutarch, tsohon marubucin Girka, fassarar Thomas North ta 1579, har akwai wuraren da ya bi North kusan kalma da kalma. Romeo and Juliet wani Arthur Brooke ya riga shi rubutawa a waƙe tun 1562. Mu idan muka ɗauko labarin fim ɗin Indiya a ce mana ɓarayi, shi kuwa a ce gwanin duniya.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, tsaya in ba ka misali guda, ka auna da kanka. Kafin King Lear ɗinsa akwai tsohon wasa a kan sarkin nan da ya raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata tun yana raye, gwargwadon daɗin bakin kowacce. A tsohon wasan ƙarshe mai daɗi ne: autar da ya kora ta dawo da runduna, uban ya koma kan gadonsa. Shakespeare ya ɗauki labarin nan da kowa ya sani, sai ya sa tsohon ya fito ɗauke da gawar autar a hannunsa, yana duba leɓenta ko tana numfashi. Abin ya yi wa Turawa nauyi har a 1681 wani Nahum Tate ya sake ƙarshen ya mai da shi na farin ciki, kuma nasa aka riƙa wasawa kusan shekara 150.

Na karanta shi ina saurayi, ban ji komai ba sai wahalar Turanci. Na sake karantawa bayan na aurar da 'ya'yana, bayan na ga wani aminina ya rubuta wa 'ya'yansa gidajensa tun da ransa, ya ƙare yana kwana a shagon ƙofar gida. Ranar sai da na ajiye littafin na fita waje. Labarin ba nasa ba ne, na yarda. Amma tsohon da ke ciki, da taurin kansa, da yadda ya gane kuskurensa bayan lokaci ya ƙure, wannan shi ya ƙera shi.

Hajiya Uwar Biyu: Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni kuma wani abu na ji, wai ma ba shi ya rubuta ba, wani basarake ne ya ɓuya a bayan sunansa. Ina gaskiyar wannan?

Malamin Adabi: Hajiya, wannan magana ba ta taso ba sai bayan fiye da shekara 200 da mutuwarsa. Wata Ba'amurkiya, Delia Bacon, ta fitar da littafi a kai a 1857. A 1920 kuma wani malamin makaranta, Thomas Looney, ya ce Edward de Vere ne, basaraken Oxford. To de Vere ya mutu a 1604, kafin Macbeth da King Lear da The Tempest. Masu cewa Christopher Marlowe ne, shi an kashe shi da wuƙa tun 1593. A zamaninsa babu wanda ya yi shakka. Francis Meres ya jera wasanninsa 12 da sunansa a 1598. Ben Jonson, abokinsa kuma abokin gogayyarsa, ya yabe shi bayan ya mutu, har da cewa Latin ɗinsa kaɗan ne, Girkancinsa kuma bai kai nan ba. Idan kin tona gindin maganar, raini ne kawai: wai ɗan baduku ba zai iya rubuta maganar sarakuna ba. Mu da muka san zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, bai kamata mu taya su wannan rainin ba.

Abin da yake gaskiya shi ne ya yi haɗin gwiwa da wasu. Henry VIII da John Fletcher suka rubuta shi. Haka sana'ar take a lokacin.

Ɗan Kantin Kwari: Malam, ka ce mai sana'a ne irina. Fayyace mini, nan ne na fi ganewa.

Malamin Adabi: To Alhaji. A lokacin marubuci yakan sayar wa ƙungiyar 'yan wasa rubutunsa ya karɓi 'yan fam kaɗan, shi ke nan, wasan ya zama nasu. Shi ya sa irin su Greene suka mutu cikin talauci. Shakespeare bai bi wannan hanyar ba. Daga 1594 yana da hannun jari a ƙungiyar da yake rubuta wa wasa yake kuma fitowa a ciki, tare da Richard Burbage, babban ɗan wasansu. Da rigima ta haɗa su da mai filin da tsohon gidan wasansu yake kai, a ƙarshen Disamba 1598 suka kwance katakan ginin, suka haye da su kogin Thames, suka gina gidan Globe a 1599. Kashi 1 cikin 10 na sabon gidan nasa ne. Mai kwabo ɗaya ya shiga ya tsaya a fili gaban dandamali, mai ƙarin kuɗi ya samu wurin zama a ƙarƙashin rufi. Gidan na ɗaukar mutum kusan 3,000, kuma duk wanda ya shigo, Shakespeare na da rabo a kuɗinsa.

Ka ga ke nan dole ya rubuta abin da ɗan dako da lauya za su tsaya su kalla tare. Shi ya sa a cikin Hamlet za ka ga masu haƙa kabari suna barkwanci, a Macbeth kuma mai gadi a buge yana surutu daidai bayan an yi kisa. Idan mai kwabo ɗaya ya gaji, gobe gidan wasan karnuka da beyar da ke maƙwabtaka zai tafi.

Kuma bai bar kuɗinsa a Landan ba. A 1597 ya sayi New Place, ɗaya daga manyan gidajen Stratford. A 1605 ya zuba fam 440 ya sayi haƙƙin karɓar wani kaso na zakkar amfanin gona ta yankin. Har ƙarar wani ya kai kotu a kan ɗan bashin hatsi.

Ɗan Kantin Kwari: Wannan kam ɗan kasuwa ne. Ya samu a birni ya gina a gida.

Marubucin Fim: To tunda ɗan kasuwa ne, ku yarda maroƙi ne kuma. Sarki James ya hau gadon Ingila a 1603, nan da nan ya ɗauki ƙungiyarsu ta zama tasa. James ɗan Sikotilan ne, ya rubuta littafi a kan mayu a 1597, gidansu kuma na da'awar su jikokin Banquo ne. Sai ga Macbeth: labarin Sikotilan, da mayu uku, da Banquo mutumin kirki. A littafin Holinshed kuwa Banquo na cikin waɗanda suka taya Macbeth kashe Sarki Duncan! Macbeth na gaskiya ya yi mulki shekara 17, daga 1040 zuwa 1057, a fagen yaƙi Duncan ya mutu ba a kan gado ba, har ziyara Macbeth ya kai Roma a 1050. Haka ya yi wa Richard III, ya mai da shi dodo saboda kakan Sarauniya Elizabeth ne ya kayar da shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mene ne bambancinsa da makaɗin fada mai wasa ubangidansa yana zambo ga abokan gabarsa?

Baba Mai Ritaya: Kuma tun yaushe kiɗan fada ya zama abin raini, ɗana? Narambaɗa ba makaɗin fada ba ne? Sarakunan da ya wasa sun tafi, waƙar na nan, saboda abin da ke cikinta ya wuce yabon. Na yarda ya ɓata wa Macbeth na tarihi suna. Amma maroƙi zalla zai nuna maka maƙiyin sarki a matsayin dabba. Shi kuwa ya shigar da kai cikin ƙirjin mai kisan, ka ji yadda barci ya ƙaurace masa, ka ga matarsa tana yawo cikin barci tana wanke hannun da babu komai a kai. Kana ƙin abin da ya yi, kana kuma tsoron ka gane kanka a ciki.

Malamin Adabi: Kuma a tuna da wuƙar da ke wuyansu. Kowane wasa sai ya bi ta hannun mai tacewa na fada kafin a yi shi. Dokar 1572 ta ce ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin manya zauna-gari-banza ne, a hukunta shi. A Fabrairu 1601 magoya bayan basaraken Essex suka biya ƙungiyar ƙarin sule 40 su yi Richard II, wasan da ake tuɓe sarki a ciki, kwana ɗaya kafin tawayensu. Tawayen ya rushe, aka sare kan Essex, aka kira ɗaya daga 'yan ƙungiyar ya yi bayani. Da ƙyar suka sha.

'Yar Zazzau: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ta karantawa tun ɗazu. Ni ɗaliba ce, kuma a kan Othello nake rubutun kammala karatu. Alhaji, littafin da ke hannun 'yarka ya fi kusa da mu fiye da yadda kake zato.

A 1600 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aika jakadansa, Abdulwahid bin Mas'ud, zuwa fadar Elizabeth a kan maganar haɗa kai su yaƙi Sifen. Ya yi wajen wata shida a Landan, har zanen hotonsa da rawani da takobi yana nan har yau. Wannan al-Mansur ɗin shi ne wanda rundunarsa ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. A shekarar 1600 ɗin dai aka buga fassarar Turanci ta littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a kan ƙasashen Afirka. A cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Wato sunan garinmu yana kan teburan masu sayar da littattafai a Landan lokacin da mutumin nan ke tsakiyar aikinsa. Masana da yawa na ganin ya karanta shi. A ranar 1 ga Nuwamba 1604 aka yi Othello a fadar James.

Labarin ma aro ne, daga wani Ba'italiye mai suna Cinthio. A can baƙin kwamandan ko suna ba shi da shi, kuma shi da wani makirin sojansa suka haɗu suka kashe matar da safa cike da yashi, suka rusa rufin ɗaki a kanta don a ce haɗari ne. Shakespeare ya ba shi suna, ya ba shi kwarjini, ya sa a bakinsa magana mafi kyau a wasan. Ya kuma nuna yadda makirin, Iago, ya shige shi: ba da ƙarfi ba, da ɗigon zato, da hankici guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar Othello ita ce ya san a birnin da yake yi wa yaƙi ana son takobinsa amma ba a son ya zama suruki.

Hajiya Uwar Biyu: Sannu ƙanwata, Allah ya yi albarka. Amma ni ba Othello nake tausayi ba. Yarinya ta bar gidan ubanta ta bi ka, wani ya zo ya hura maka kunne, ba ka kira shaida ba, ba ka zaunar da ita da wanda ake zargi ba, ka danne ta a gado har ta mutu. Nawa muka gani irin wannan a unguwanninmu, aure ya mutu a kan an ce an ce? Wadda ta burge ni ita ce Emilia, matar Iago, da ta tsaya gaban maza masu takubba ta tona asirin mijinta, tana sane zai kashe ta.

'Yar Zazzau: Wallahi Hajiya haka ne. Kuma abin mamaki, mace ba ta hawa dandamali a Ingila a lokacin. Yara maza waɗanda muryarsu ba ta fashe ba su ke fitowa a matsayin Desdemona matar Othello da Emilia da Juliet. Sai a 1660 mata suka fara fitowa. Othello kansa Burbage ne ya yi shi da fuska a shafe da baƙi. Baƙar fata bai yi shi a babban gidan Covent Garden ba sai a 1833, Ira Aldridge daga Amurka, kuma wasu jaridu suka yi masa ca.

Marubucin Fim: To ga shi kin faɗa da bakinki. Wasan cike yake da zagin launin fata. Ga kuma Shylock Bayahude a The Merchant of Venice, wanda a ƙarshe aka ƙwace dukiyarsa aka tilasta masa barin addininsa, kuma a matsayin wasan ban dariya aka jera shi. An kori Yahudawa daga Ingila tun 1290. Wannan ba son zuciyar mutanensa yake ciyarwa ba?

Malamin Adabi: A nan ba zan wanke shi ba. Tilasta wa mutum barin addininsa zalunci ne, kuma masu kallon zamanin sun ɗauke shi kyakkyawan ƙarshe. Ina gaya wa ɗalibaina haka kai tsaye. Amma shi ɗin dai ya ba Shylock damar ya juyo ya tambayi Kiristocin ko Bayahude ba shi da ido da jini irin nasu, ya kuma ce mugunta a wurinsu ya koya. Zagin launin fata a Othello kuma ka duba daga bakin wa ya fi fitowa: Iago da Roderigo mai son matar Othello da uban yarinyar. Ya ba kasuwa abin da take so, sai ya bar ƙaya a ciki.

Ɗan Damagaram: In dawo kan tambayar Alhaji ta farko. Julius Nyerere na Tanzaniya, wanda ya karɓi 'yancin ƙasarsa daga hannun Ingila, shi da kansa ya fassara Julius Caesar zuwa Swahili a 1963, daga baya ya ƙara da wasan Shylock. Sol Plaatje, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar da ta zama jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu, ya fassara Shakespeare zuwa harshen Tswana. A kurkukun tsibirin Robben na Afirka ta Kudu fursunoni sun riƙa zagayawa da kundin wasanninsa, kowa na sa hannu a wurin da ya fi so. Mandela ya sa nasa a Disamba 1977, a gefen maganar Kaisar a kan matsoraci da jarumi a gaban mutuwa. Waɗannan ba yaran Turawa ba ne.

Baba Mai Ritaya: Mu ma ba a bar mu a baya ba. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mai da Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Ku neme shi.

'Yar Zazzau: Yaya Marubuci, kai da ka ambaci finafinan Indiya: Maqbool na 2003 Macbeth ne, Omkara na 2006 Othello ne, Haider na 2014 Hamlet ne da aka kai Kashmir, duka na Vishal Bhardwaj. Ba kwafa ya yi ba, ya yi wa Shakespeare abin da shi ya yi wa Cinthio.

Marubucin Fim: Na kalli Omkara, kuma na yarda aiki ne. Amma ban janye ba. Gwaninta daban, hanyar da ta iso da ita daban. Ɗan baduku ya iya, na ji. Sai dai jirgin ruwa da bindiga ne suka kawo shi ajinmu, kuma yaron da ya san Stratford bai san Wurno ba an cuce shi.

Malamin Adabi: Wannan ba zan yi maka musu ba. Abin da zan ƙara shi ne kaɗan ya rage rabin aikin ya ɓace tun kafin wani jirgi ya tashi. Globe ta ƙone ran 29 ga Yuni 1613, wata igwa da aka harba cikin wasan Henry VIII ta kama rufin ciyawa. Shi kuma ya mutu ran 23 ga Afrilu 1616 yana da shekara 52, bai tattara wasanninsa ba. Wasiyyarsa ta yi maganar gidaje da filaye da gado na biyu a kyau da ya bar wa matarsa, ba ta ambaci wasa ko ɗaya ba. Abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, waɗanda ya bar wa kuɗin sayen zoben tunawa da shi, su suka tattara wasanni 36 suka buga a 1623. Guda 18 a ciki ba a taɓa buga su ba, har da Macbeth da Julius Caesar da The Tempest da Twelfth Night.

Ɗan Kantin Kwari: Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru. To Malam, yarinyar nan fa? Har yanzu Turancin na nan da wuyarsa.

Malamin Adabi: Kada ta fara da ƙamus, Alhaji. Ta fara sanin labarin da Hausa tukuna. Sannan ta nemi bidiyon wasan ta kalla da littafin a buɗe a gabanta, domin don kunne aka rubuta shi. Bayan nan ta tara ƙannenta ko ƙawayenta su raba sunaye su karanta da ƙarfi, ko da fage ɗaya ne a rana. Su fara da kashi na 3, fage na 3, inda Iago ke fara zuba wa Othello zato.

Hajiya Uwar Biyu: Kai ma ka zauna a yi da kai, Alhaji. Ka ɗauki uban Desdemona.

Ɗan Kantin Kwari: In sha Allahu daren Juma'a, Hajiya, bayan na rufe shago. 'Yar Zazzau, 'yata, ki turo mini labarin da Hausa ta akwatin saƙo in ba ta.

'Yar Zazzau: To Baba, yau da daddare zan rubuta in turo.